Littafin Kiwon Laraba: Komawata ga Renon Maciji Bayan Shekara 29

9 ga Satumba, 2023

Yau da la'asar na gama harhaɗa akwatin, na jingina shi da bangon ƙaramin ɗakin da nake karatu a gidanmu na haya da ke Manchesta, kuma da shi nake buɗe wannan littafi, inda zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da na gani, ko daidai ne ko kuskure. Akwatin na katako ne mai ƙofofin gilashi biyu da ake turawa gefe, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 60, tsayinsa 60. Babu mai rai a cikinsa tukuna, kuma ba za a sa ba sai bayan wata guda.

Asalin wannan jinkiri yana can a shekarar 1994, lokacin ina ɗan shekara 13 a Samarun Zariya. Na kama wani maciji mai ruwan ƙasa, irin wanda ke shiga gidaje farautar ɓera, malaminmu na ilimin halittu ya tabbatar mini ba shi da dafi, sai na ɓoye shi cikin akwatin sabulu a bayan ɗakin girki, na rufe bakin da wayar raga. Mako bakwai ya yi a hannuna. Kullum sai na ciro shi na nuna wa abokai, kullum sai na tura masa tsaka ko ɗan ƙadangare ko da bai nema ba. Wata rana cikin Maris na canja wa akwatin wuri da safe, ban lura cewa inuwa takan bar wurin kafin azahar ba, da na dawo daga makaranta na tarar da shi ya sandare. Ban san a lokacin ba cewa maciji ba ya daidaita zafin jikinsa da kansa, da inuwa da rami yake sanyaya jiki, kuma ni na toshe masa hanyar zuwa ko ɗaya daga cikinsu. Na girma, na yi aure, na bar ƙasa, amma abin bai bar zuciyata ba, sha'awar ma ba ta mutu ba.

24 ga Satumba, 2023

Mako biyu ke nan ina gwada akwatin babu kowa a ciki. Na ɗaura fitilar ɗumama a gefen dama, na kewaye ta da kejin waya domin kada ta ƙona fata, na haɗa ta da na'urar daidaita zafi. Abin da nake nema shi ne digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas a gefen ɗumi, da 25 zuwa 26 a ɗaya gefen, kuma sai a kwana na tara na samu hakan ya tsaya dare da rana. Kowane gefe yana da maɓoya mai ƙaramar ƙofa, domin kada dabbar ta zaɓi tsakanin ɓuya da ɗumi.

Nau'in da na tsayar da shawara a kansa shi ne ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar curin fura, ta cusa kanta a tsakiya idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. 'Yar yankinmu ce, domin ana samunta a filayen ciyawa tun daga Senegal har zuwa Sudan da Uganda. Ba ta da dafi, kuma da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi.

Dokar Ingila ta 1976 kan dabbobi masu haɗari ta wajabta lasisi daga ƙaramar hukuma ga mai son ajiye maciji mai mugun dafi, amma wannan mesa ba ta cikin jerin. Dokar da ta shafe ni ita ce ta walwalar dabbobi ta 2006, wadda ta ɗora wa mai dabba nauyin muhalli da abinci da kariya daga ciwo. Mai gidan haya ya amince a rubuce. Uwargida ta amince da sharuɗɗa biyu, wato a sa wa ƙofar gilashi makulli, kuma kada abincin maciji ya kusanci firijin gida.

Na kuma kai maganar gaban limamin masallacinmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina son in ji hukuncin ajiye maciji marar dafi." Bai sauƙaƙa mini ba. Ya ce malamai da yawa ba su halatta cinikin maciji ba saboda ba su ga amfanin da ke cikinsa ba, sannan ya ce, "Amma Alhaji, idan dabba ce da ta riga ta shiga hannun mutane, ba ta cutarwa, kuma sakinta a ƙasar sanyi kashe ta ne, to wanda ya ɗauke ta ya san ya ɗauki haƙƙi." Ya tuna mini hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Daga nan na fasa zuwa kanti, na nemi cibiyar da ke karɓar dabbobin da masu su suka gaza riƙewa.

11 ga Oktoba, 2023

Ta iso yau Laraba cikin jakar yadi da aka ɗaure bakinta, kuma 'yata ta ce, "Baba, tunda yau ta zo, ai sunanta Laraba." Sunan ya zauna. A cibiyar sun ce shekarunta kamar shida, a Ingila aka ƙyanƙyashe ta, kuma mai ita na farko ya kawo ta ne da zai koma gidan da ba a yarda da dabbobi ba. Nauyinta giram 1,420, tsawonta santimita 118. Launinta na asali ne, baƙi da ruwan zuma, kuma na ji daɗin haka, domin ba na goyon bayan yadda masu kiwo ke haɗa jinsi saboda neman launi kawai, har aka samu wani nau'i mai zane kamar saƙar gizo da ke fama da kaɗuwar kai da rashin daidaito tun daga ƙyanƙyasa.

Na buɗe jakar a cikin akwatin, ta fito a hankali tana fitar da harshe, ta shige maɓoyar gefen ɗumi. Na kulle ƙofa na kashe fitilar ɗakin. Zan bar ta mako biyu ba taɓawa, sai dai canjin ruwa. Yara sun roƙa sau uku kafin isha'i a ba su ita su riƙe, na hana, kuma na san abin da ke cin ransu, domin shi ne ya ci nawa a Samaru.

29 ga Oktoba, 2023

Ta ci abincin farko. Ɓera ne daskararre mai giram 90, daga cikin waɗanda ake kiwo musamman domin wannan, na ajiye su a ƙaramar firiza ta daban kamar yadda aka yi alkawari. Na bar shi ya narke, na ɗumama shi cikin leda a ruwan zafi har jikinsa ya yi ɗumin mai rai, sannan na miƙa mata da dogon hantsaki bayan duhu ya yi. Ɗumin yana da muhimmanci, saboda a leɓenta na sama akwai 'yan ramuka a jere da take jin zafin jikin abin farauta da su ko da a cikin duhu. Ta cafke shi, ta nannaɗe, ta haɗiye daga kai cikin minti 20. Kwana biyu ba za a motsa ta ba, don kada ta amayar.

A nan ba a ba maciji ɓera mai rai, kuma na ga hikimar haka, domin ɓeran da aka ƙuntata yana iya cizon macijin ya yi masa mummunan rauni. Duk wanda ke gida Najeriya yake tunanin irin wannan kiwo, to ya nisanci ɓeran da aka kama a ɗaki ko a rumbu. Yana iya zama ya ci guba, sannan irin ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda mesa ke ci a daji, shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Kashin maciji kansa yana ɗauke da ƙwayar salmonela, don haka wanke hannu da sabulu ya zama doka a ɗakin nan.

19 ga Nuwamba, 2023

Labari ya isa wurin Hajiya ta bakin jikokinta, ta kira ni bayan sallar asuba tasu. Ta ce, "Ɗan nan, me ka rasa a duniya da za ka kwana da maciji a gida ɗaya da jikokina?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki saurare ni, wannan ba ta da dafi." Ta ce ita ba ta san maciji marar dafi ba, ta san dai wanda bai sari mutum ba tukuna.

Ban yi mata gardama ba, domin tsoronta yana da tushe. 'Yar ƙasar Gombe ce, ta tashi a inda kububuwa ke kashe manoma da makiyaya a lokacin shuka da girbi, ƙaramar macijiya da dafinta ke hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi. Ba banza aka kafa asibitin saran maciji a Kaltungo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Wanda ya girma tsakanin kububuwa da kasa da kumurci bai yi wauta ba idan ya ɗauki sanda da ganin kowane maciji. Abin da ke damuna kawai shi ne sandar ba ta bambancewa, tana faɗawa har kan masu cinye mana ɓerayen da ke ɓarnar hatsi. A wurinmu kuma wanda ya san maciji shi ne gardi, mai wasa da shi a kasuwa yana sayar da magani, shi ya sa Hajiya ta kasa gane cewa ni ba wasa nake da ita ba, a mako ma sau ɗaya nake ɗaukarta, na minti goma, domin awo da duba fata.

Mun rabu a kan zan aika mata hoton makullin. Nauyin Laraba yau giram 1,455.

16 ga Disamba, 2023

Saɓar farko ta lalace, kuma laifina ne. Kwana 11 da suka wuce idanunta suka yi fari-fari kamar an zuba madara, launin jikinta ya dushe, daga baya idanun suka washe, duk kamar yadda ya kamata. Amma maimakon fatar ta fita gaba ɗaya, sai ta fito guntu-guntu, wani yanki ya maƙale a wuya, wani a ƙarshen wutsiya. Na wutsiyar ne ya fi tayar mini da hankali, domin tsohuwar fata idan ta bushe a nan takan shaƙe wurin kamar zobe har jini ya daina kaiwa. Na sa ta cikin roba mai murfi da hudoji, a kan tawul mai ɗumi da laima, na tsawon minti 30, ta yi ta ratsawa cikin tawul ɗin har ragowar ta fita da kanta. Na duba idanun da kyau, saboda maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani siririn ɓawo ne ke rufe idon, kuma shi ma tare da saɓa yake fita. Duka biyun sun fita.

Da na koma kan ma'aunin laima na ga kashi 38 cikin ɗari, alhali ana son 60 zuwa sama, har 70 ko 80 a lokacin saɓa. Tun da sanyi ya shigo muka kunna na'urar ɗumama gida, ita kuwa tana busar da iskar ɗaki kamar yadda hunturu ke yi a Kano, har leɓe ya tsage. Na daɗe ina tunani a kan wannan, domin da farko na ɗauka dabbar da ta fito daga ƙasar hunturu ba za ta damu da bushewar iska ba. Kuskuren shi ne na auna ƙasar, ban auna inda take kwana a cikin ƙasar ba. A daji wannan mesa tana wuni ne a ramin ɓera ko gafiya, ko cikin tsohon suri, inda iska ba ta kaɗawa, laima ba ta gudu, zafi kuma ba ya hawa da sauka kamar na sarari. Duk wanda ya taɓa tona suri da rani ya san yadda ƙasar ciki take da sanyi da danshi ko da waje ya ƙone. Ashe aikina ba kwaikwayon sararin savana ba ne, gina mata rami ne a cikin akwati, kuma wannan shi ne ainihin abin da na hana macijina na farko.

Gyaran da na yi: na ƙara kaurin shimfiɗar ɓawon kwakwa daga santimita 3 zuwa 10, ina zuba ruwa a kusurwoyi domin ƙasan ya jiƙe saman ya zauna a bushe, na toshe biyu daga cikin hudojin iska huɗu, na matsar da kwanon ruwa kusa da gefen ɗumi, na kuma ƙara maɓoya ta uku cike da gansakuka mai laima. Da daren nan ma'auni yana nuna 63.

21 ga Janairu, 2024

Tun 3 ga Disamba ba ta ci ba. Sau uku ina miƙa mata, sau uku tana shinshinawa da harshe ta juya kai. An san irin wannan mesa da ƙaurace wa abinci na watanni a lokacin sanyi, kuma muddin nauyi bai zube ba, ba abin tsoro ba ne. Sanin haka a takarda daban, zama da shi daban. Na kama kaina ina son in riƙa gwadawa kowane kwana uku, na hana kaina, domin yawan tura abinci yana ƙara mata fargaba ne kawai. Na mayar da gwaji sau ɗaya a mako uku. Nauyi giram 1,430.

Akwai wani abu da ya faru ranar Alhamis da dole in rubuta. Ta ture wayar da ke auna zafi daga mazauninta, wayar ta faɗa gefen sanyi, na'urar ta ɗauka akwatin ya huce, ta yi ta ƙara wuta. Da na auna ƙarƙashin fitilar da safe na ga digiri 39. Laraba tana can cikin maɓoyar gefen sanyi lafiya ƙalau, saboda a wannan karon tana da wurin gudu. Na ɗaure wayar da ƙusa mai lanƙwasa, kuma na sayi ma'auni na biyu mai ƙara idan zafi ya wuce 34.

24 ga Fabrairu, 2024

Na kai ta wurin likitan dabbobi mai duba masu jan ciki, don kwana 83 sun yi mini yawa. Ya buɗe bakinta bai ga majina ko kumfa ba, ya saurari numfashinta babu shaƙa, ya duba tsakanin ɓawon fata babu ƙananan kaska, gwajin kashi ma bai nuna tsutsa ba. Nauyinta giram 1,395, wato ta rage kusan kashi 4 cikin ɗari daga mafi girman awonta, kuma ya ce sai ragin ya doshi kashi 10 za mu fara wata magana. Ya ce in bar ta. Saɓar da ta yi a farkon watan nan ta fito gida uku, babu abin da ya maƙale.

A ɗakin jira na karanta wani bayani da ya sa na sake lissafin abin da na ɗauka. Irin wannan mesa takan rayu shekara 20 zuwa 30 a hannun mutane, kuma a 2020 wata a gidan namun daji na Sen Luwis da ke Amurka, mai kimanin shekara 62, ta saka ƙwai bakwai. Idan Allah ya ba mu rai, Laraba za ta iya ganin auren yarinyar da ta raɗa mata suna. Wannan tsawon rai ne ke cika cibiyoyi irin wadda na karɓo ta, domin mutane suna sayen ɗan maciji mai tsawon tafin hannu biyu ba tare da lissafin shekara talatin ba. A can tushen kuma, Togo da Benin da Ghana suna fitar da dubun dubatar 'ya'yan wannan mesa kowace shekara, mafarauta suna tono ramuka su kwashi ƙwai da mata masu ciki, har a 2021 aka sa ta cikin jerin dabbobin da ke dab da shiga barazana.

21 ga Maris, 2024

Azumi ya nuna mini abin da ban taɓa gani ba. Ina tashi sahur wajen ƙarfe huɗu saura, kuma tun daren uku ga wata nake tarar da ita a waje, ta hau reshen da na kafa mata, ta miƙe tsawonta gaba ɗaya, tana bin gilashi tana fitar da harshe. Wata biyar ina ɗauka dabba ce marar motsi, ashe lokacin da nake duba ta ne ba nata ba. Nakan zauna a ƙasa da kofin shayi, ba na kunna fitila, hasken titi ya isa. Kwana huɗu a jere na ga ta kwanta a bakin maɓoya, kanta kawai a waje, wuyanta a lanƙwashe, irin kwanciyar kwanton ɓauna.

Jiya bayan tarawihi na ɗumama ƙaramin ɓera mai giram 60, na miƙa, ban gama daidaita hantsakin ba ta cafke. Kwana 108 ke nan rabonta da abinci. Uwargida, wadda tun Oktoba ba ta wuce bakin ƙofar ɗakin ba, ta shigo ta tsaya a bayana har aka gama haɗiyewa, ta ce, "Alhamdu lillahi, Baban yara, yanzu sai ka samu barci."

27 ga Afrilu, 2024

Da safe na tarar da saɓa cikakkiya a nannaɗe jikin reshe, daga leɓe har ƙarshen wutsiya babu yagewa, da ɓawon idanu biyu a jikinta. Laima ta tsaya tsakanin 65 da 75 duk tsawon makon. Na warware fatar a kan tebur, ta kai santimita 131, domin saɓa takan miƙe ta fi mai ita tsawo. Na sa ta cikin ambulan na rubuta kwanan wata, na kuma aika wa Hajiya hotonta. Amsarta ita ce in tabbata yara ba sa wasa da ita, sannan ta tambaya ko har yanzu dabbar tana cin abinci.

Ta ci sau biyu tun bayan na Maris, nauyinta ya koma giram 1,440. Abin da ya rage a gabana shi ne ɗaura fitila mai hasken da ke kama da na rana a gefen ɗumi, ta riƙa kunnuwa awa 12 a yini, da canja shimfiɗa gaba ɗaya a farkon Mayu. Za mu je gida a watan Agusta na mako uku, kuma wani abokin aikina da ya taɓa kiwon irin wannan mesa ya yarda zai riƙa zuwa kowane kwana biyu ya canja ruwa ya karanta ma'aunai. Zan ciyar da ita mako guda kafin tafiya, in bar masa makulli da lambar likita da kwafin wannan littafi.